Rawar Murya a Gaban Allo: Musayar Waƙa

Malam Mai Alli:

Da sunan Allah nake buɗewa,
Masana ku matso mu yi tattaunawa.

Ga yaro ya san darasinsa sarai,
A takarda ba a fin shi amsawa.

An ce ya fito gaban allo ya faɗa,
Sai ga gwiwa tana kaɗawa.

Baki ya bushe, tafin hannu ya jiƙe,
Murya ta maƙale ba ta fitowa.

Abin da ya kwana uku yana bita,
Ya neme shi a ka, ba ya tunawa.

Wasu na cewa rashin karatu ne,
Wasu sun ce da girma yana wucewa.

Ni dai ban gamsu da ko ɗaya ba,
Ku faɗa mana, me ke jawowa?

Kuma me za a ba shi ya riƙe a hannu,
Ban da "ka daure" da ake ta cewa?

Ma'aikaciyar Jinya:

Malam, amsar tana cikin jiki,
Bari in warware ta daki-daki.

Ƙwaƙwalwa in ta hangi ido arba'in,
Sai ta ɗauka an yi arba da zaki.

Ta aika saƙo can saman ƙoda,
Inda 'yan gaɓɓai biyu ke aiki.

Su saki sinadarin adiranalin,
Cikin daƙiƙu ya zaga jiki.

Zuciya ta ƙara bugu, jini ya nufi
Cinya da damtse, ya rage a ciki.

Shi ya sa hanji ke murɗawa,
Yawu ya janye, ya bar busasshen baki.

Tsoka ta cika da ƙarfin gudu,
Ba a yi gudun ba, sai rawar jiki.

Numfashi ya koma sama-sama a ƙirji,
Murya ta rasa iskar yin aiki.

To ya ja iska ta hanci, ya ƙirga huɗu,
Hannu a cibiya, ya ji tashin ciki.

Ya sake ta sannu, ya ƙirga shida,
Fitar ta fi shigar tsawo, nan ne birki.

Don duk sanda iska ke fita a hankali,
Bugun zuciya na sauka, ba mamaki.

Sau shida ya yi, minti ɗaya ke nan,
Tun yana benci, kan a kira shi aiki.

Amma haki da sauri na zubar da iskar kabon,
Jiri ya ɗebe shi a tsakar ɗaki.

Ɗan Bencin Baya:

Yaya, batun numfashi na karɓa,
Amma me zai hana yaro ya manta?

Ni a ganina ya haddace duka,
Kalma bayan kalma, yadda ya rubuta.

Ya kafa ido a bangon bayan aji,
In bai ga fuska ba, da me zai tsorata?

Ya zubo shi da sauri ya koma benci,
Minti biyu an gama, kowa ya huta.

Mai Horar da 'Yan Muhawara:

Ƙanena, tsaya ka saurara,
Shawararka uku, duk suna son gyara.

Hadda kalma-kalma zaren carbi ce,
Wuri ɗaya ya tsinke, sai zubewar saura.

Mai hadda in ya rasa kalma guda,
Sai ya tsaya cak, aji na ta jira.

Jimla biyu kaɗai ake haddacewa,
Ta rufewa, da wadda za a fara.

Don minti na farko shi ne mafi zafi,
In baki ya san hanya, an yi rabin nasara.

Tsakiya kuwa batu uku sun isa,
Kowanne da misali guda a jera.

A rubuta su a kati mai kauri,
Girman tafin hannu, kar a ƙara.

Kalma uku ko huɗu kowane layi,
Da manyan haruffa za a tsara.

Falle mai laushi na kaɗawa a hannu,
Ya tona rawar da ba mai lura.

Ga lissafi: a minti, mai magana a natse
Kalma 130 yake yi, ko ya ɗan ƙara.

In an ba shi minti 3, kalma 400
Ta ishe shi, abin da ya haura asara.

Bita kuma ba a zuci ake yi ba,
Karatun zuci bai koya wa harshe dabara.

A tsaye, da murya, agogo a gefe,
Kwana uku a jere, ba dare ɗaya a tara.

Ya ɗauki muryarsa a waya ya ji,
Inda ya yi "am, am" nan ne wurin gyara.

Batun bango kuwa, mai yi wa bango magana
Muryarsa ta mutu, aji ya ƙi saurara.

Ya zaɓi fuska uku masu fara'a,
Dama, hagu da tsakiya, da su zai fara.

Jimla guda ga kowace fuska,
Ya gama ta tukuna, ido gaba ya tura.

Sauri kuwa shi ke cinye iska,
A kowace aya ya tsaya, ya ja, ya jira.

Aji ba ya jin shirun daƙiƙa biyu,
Shi kaɗai ke lissafa shi da shekara.

Malamar Ba da Shawara:

Malam, kati da agogo na yarda,
Saura gaɓa ɗaya da zan nuna.

Gudu shi ke ciyar da tsoro.
Duk ranar da yaro ya ɓuya ya zauna,

Ya ce ciwon kai, ko ya ƙi zuwa,
Sauƙin da ya ji ƙwaƙwalwa za ta tuna.

Ta ɗauka gudun ne ya cece shi,
Gobe tsoron ya fi na jiya ƙuna.

Maganin shi ne hawa mataki-mataki,
Kowanne daidai ƙarfinsa a auna.

Na ɗaya, shi kaɗai a ɗaki da murya,
Na biyu, gaban mutum guda mai ƙauna.

Na uku, abokai uku ko huɗu,
Yau shi, gobe su, suna jin juna.

Na huɗu, daga benci ya ɗaga hannu,
Tambaya ɗaya tak, ko gajerar magana.

Na biyar, ya fito tare da rukuninsa,
Ya faɗi layi biyu, ya koma ya zauna.

Sannan shi kaɗai na minti guda,
Sai biyu, sai uku, haka za a gina.

Ya ba tsoronsa maki, ɗaya zuwa goma,
In takwas ta zama huɗu, mataki ya nuna.

Sai a hau na gaba, kar a tsallake,
Kar kuma a daɗe a wuri ɗaya ana kwana.

A 2003 masana biyu a Amurka,
Savitsky da Gilovich, sun auna:

Mai jawabi na zaton tsoronsa a fili yake,
Masu kallo kaɗan suke gani, ɗana.

Waɗanda aka sanar da su haka tun farko
Sun fi sauran kyautata magana.

Don haka kar ya buɗe da "ku yi haƙuri, ina rawa",
Abin da ba a gani ba, don me zai tona?

Ɗan Bencin Baya:

Malama, to in an hau duk matakan,
Ranar ta zo, kai ya ɗauke, ya tsaya?

Ko wani can ya tuntsure masa da dariya,
Ko a jefo masa baƙuwar tambaya?

Mai Horar da 'Yan Muhawara:

In kai ya ɗauke, ƙafa biyu a ƙasa,
Faɗin kafaɗa, kar ya jingina kan ɗaya.

Ya saki gwiwa kaɗan, kar ya ƙame,
Mai ƙamewa jiri ke kai shi baya.

Ya fitar da iska, ya dubi katinsa,
Ya maimaita jimlar da a kanta ya tsaya.

Sau da yawa ita ke jawo ta gaba,
Harshe ya sake kama hanya.

In ta ƙi, ya tsallaka batu na gaba,
Aji bai ga kati ba, wa ya san an bar ɗaya?

Kurɓin ruwa kafin a fito yana taimako,
Busasshen maƙoshi ke shaƙe murya.

Tambaya kuwa ya maimaita ta a fili,
Ya sami daƙiƙun nazari a zuciya.

In bai sani ba, "zan bincika in kawo gobe"
Ya fi ƙaga amsa, kuma ba abin kunya.

In harshe ya goce aka yi dariya,
Ya gyara kalmar ya wuce, kar ya juya.

Malam Mai Alli:

Dariya kam nauyinmu ce mu malamai,
Ba kaya ne na wuyan yaro ba.

Doka tun ranar farko a kafa ta:
Wanda ya tsaya gaba ba za a katse shi ba.

A faɗi rana da batu da saura mako,
Kiran ba-zata bai koyar da magana ba.

Mai tsananin tsoro ya zo na biyu ko na uku,
Jiran ƙarshen layi ba zai rage masa ba.

Kar a gyara nahawu yana tsakar jimla,
A rubuta a ajiye, ai bai gama ba.

In ya sauka, abu biyu da ya yi daidai,
Da gyara ɗaya tak, ba goma ba.

A faɗi takamaimai: "muryarka ta kai baya",
"Ka yi ƙoƙari" bai nuna masa komai ba.

Mai in'ina a bar shi ya kai ƙarshen kalma,
Mai ƙarasa masa bai taimake shi ba.

Ma'aikaciyar Jinya:

Malam, saura iyaka guda a sani.
Fargabar da ke zuwa ta wuce da lokaci

Daban take da wadda ta samu gindin zama,
Ta hana yaro karatu da barci.

In an kai wata shida ana fama,
Yana ƙin makaranta, yana ƙin abinci,

Ko amai da kuka duk safiyar jawabi,
Ko ya daina magana ko da a benci,

Wannan ya wuce kati da agogo,
A kira iyaye a zauna cikin mutunci.

A haɗa shi da masanin halayyar ɗan'adam,
Akwai jinyar zance, mako-mako, mai inganci.

Tana gyara tunanin "kowa zai raina ni",
Tana bin matakan nan har a fita ƙunci.

Ƙwayar kwantar da gaba kuwa, kar a ba shi,
Sai likita ya duba, ya rubuta adadi da lokaci.