Fim ya ɗauko zubin Indiya: wace kalmar Turanci zan sa a sharhi?

Ƙanwarku: Assalamu alaikum malamai. Sharhi nake rubutawa da Turanci a kan wani fim ɗin Hausa. Zubinsa na finafinan Indiya ne sak: saurayi talaka, budurwa 'yar masu kuɗi, iyaye sun ƙi, ga waƙa da rawa. Amma ban gano wani fim guda da ya kwashe ba. Na rubuta "plagiarism", sai hankalina ya ƙi kwanciya. Wace kalma ce daidai?

Malam Mai Fassara: Wa alaikumus salam. Ki goge "plagiarism" tukuna, ƙanwata. Wannan zargin sata ne kai tsaye. Asalinta kalmar Latin ce, "plagiarius", mai satar mutane, kuma mawaƙin Rum Martial ne a ƙarni na 1 ya jefi wani da ita saboda yana rera waƙoƙinsa da sunan nasa ne. Kafin ki sa ta, sai kin riƙe abu uku: sunan fim ɗin asali da shekararsa, fage biyu ko uku da suka zo iri ɗaya har a zance, da shaidar cewa ba a ambaci mai shi ba. In babu su, kin buɗe wa kanki ƙofar ƙarar ɓata suna.

Kalmarki "derivative". Tana nufin aikin bai kawo nasa ba, daga rafin wasu ya ja ruwa, kuma haka ma asalinta yake a Latin: janyo ruwa daga rafi. Ki ce "The plot is derivative", ko "derivative of Bollywood romances". Kada ki rikita ta da "derived from", wannan ba suka a cikinta, tushe kawai take faɗa.

Ɗan Zazzau: Ƙari kaɗan a kan maganar Malam. In kika haɗa ta da "work" kika ce "derivative work", kin shiga harshen lauyoyi. A dokar haƙƙin mallaka ta Amurka ta 1976, sunan duk aikin da aka gina a kan wani ke nan, kamar fassara ko mai da littafi fim, da izini ko babu. Mai karatu zai ɗauka bayani kike yi, alhali suka kike nufi. Sannan doka ba ta kare gundarin tunani, yadda aka fito da shi take karewa. Talaka ya so 'yar mai kuɗi ba mallakin kowa ba ne.

Malamar Turanci: 'Yar uwa, ki fara tantance abin da ya gundure ki a fim ɗin, don kowace kalma da muhallinta. In tun minti goma na farko kin san yadda zai ƙare, "formulaic" ce, wato ya bi ma'auni ɗaya da sauran. In zantukan ne aka ji har aka gaji, "hackneyed" ko "clichéd". "Hackney" doki ne na haya da kowa ke hawa har ya rame, kin ga hoton. "Cliché" kuma daga maɗaba'ar Faransa ta fito, sunan farantin ƙarfe da ake buga abu ɗaya da shi sau dubu. Inda ɗalibai ke faɗuwa: "cliché" suna ce, sifarta "clichéd". A rubutu na tsanaki a ce "a clichéd ending", ko "the ending is a cliché". "Trite" ta fi dacewa da magana ko darasin da aka faɗa kamar mai zurfi alhali kowa ya san shi. Ba a cika ɗora ta a kan mutum ba.

Akwai kuma kwaikwayon da aka yi da gangan. "Homage" girmamawa ce, a ce "a homage to". "Parody" kwaikwayo ne don ban dariya ko zolaya. "Pastiche" ta zo daga Faransanci, su kuma daga Italiyanci "pasticcio", wani abinci mai haɗe-haɗe. Tana iya zama yabo ko suka, sai kin sa mata sifa kusa da ita don a gane inda kika dosa.

"Knock-off" da "rip-off" na bakin kasuwa ne, irin jabun takalmi. Ban so su a sharhin jarida. "Rip-off" ma tana da ma'ana ta biyu, tsuga kuɗi, ga ta da ƙamshin zargin sata.

Ƙanwarku: Allah ya saka da alheri. To in daga baya na gano fim ɗin da aka ɗauko fa?

Malam Mai Fassara: In sun ambace shi a rubutun farko ko na ƙarshen fim, "remake" ce, wato sake yin fim ɗin, ko "adaptation", wato ɗauko labarin a sauya masa siga. In ba su ambata ba, ki rubuta "an uncredited remake of", ki kawo sunan da shekarar. Wannan abu ne da kowa zai iya dubawa da idonsa. Ki guji "unauthorised" sai kin tabbatar ba su nemi izini ba, don rashin suna a allo bai nuna babu yarjejeniya ba. A yanzu dai, wannan jimlar ta ishe ki: "The film is formulaic and heavily derivative of Bollywood romance."