Waɗanda suka karanci Sifaniyanci a Sifaniya, ku ba ni shawara

Ƙanwarku daga Zariya:
Assalamu alaikum yayyena. Ina aji uku a sashen harsuna, kuma Allah ya sa na samu damar yin wata tara a Sifaniya don karatun harshensu da adabinsu. An ba ni zaɓi tsakanin Salamanka da Giranada. Abin da ya fi hana ni barci shi ne masauki: in zauna da iyalin Sifaniyawa ko in haɗa haya da ɗalibai? Mama ta fi damuwa da abinci da sallah. Don Allah wanda ya taɓa zuwa ya faɗa mini gaskiyar abin da ya gani.

Tsohon ɗalibin Salamanka:
Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sanya alheri. Ni a Salamanka na yi, jami'ar da aka kafa tun 1218. Gari ne na ɗalibai, ko'ina da ƙafa za ki je, kuma mutanensa na furta kalma a cike, don haka kunnen baƙo ya fi saurin kamawa. Sai dai sanyi. Garin yana kan tudu, a watan Janairu hunturun Zariya wasa ne a kansa.

Na zauna wata huɗu da wata dattijuwa da mijinta, kuma a teburinsu na koyi abin da aji bai ba ni ba. Ƙarfe biyu na rana ake cin babban abinci, na dare kuwa sai tara ko ma goma. Ana ci ana hira, ba yadda za a yi ki yi shiru. Ita ta gano ina musanya p da f kamar yawancinmu. Wata rana na ce ina neman "fila" na saka a rediyo, alhali "pila" ne batir, "fila" kuwa layi ne. Sai ta ɗauko 'yar takarda ta riƙe a gaban bakina, ta sa na yi ta maimaitawa har leɓɓana suka saba haɗuwa. Har yau ina yi mata fatan alheri. Harafin r da ke wahalar da Amurkawan ajinmu kuwa, mu da shi muka tashi.

Kan abinci, ki faɗa tun ranar farko, kuma ki fayyace. Idan kin ce ba kya cin alade, wasu nama zalla suke fahimta. Ki ambaci jamón, wato busasshen naman cinyar alade, da chorizo, wato tsiran alade, da manteca, wato kitsen alade, wanda har cikin wasu kayan zaƙi ake sa shi. Miyar wake ma sau da yawa da chorizo ake dafa ta.

'Yar Damagaram a Giranada:
Yaya, ka yi haƙuri, ni ban goyi bayan zaman gidan mutane ba, musamman ga mace. Na gwada wata guda na tashi. Ba su cuce ni ba ko kaɗan, amma akwai kare a falo, tukunya ɗaya ce, kuma da azumi ya zo sai na ga ina takura musu da tashin sahur. Na koma haya da wata 'yar Maroko da 'yar Kolombiya, muka yi alkawarin Sifaniyanci kawai za a yi a gidan. Da 'yar Marokon muna iya Faransanci, to in ba don alkawarin nan ba da na dawo gida da Faransancina kamar yadda na tafi.

'Yar'uwa, in dai hankalin Mama kike so ya kwanta, Giranada ce. Akwai mahauta masu naman halal, akwai babban masallaci a unguwar Albaicín da aka buɗe a 2003, daga lambunsa kina hango fadar Alhambra. Wannan ce Garnaɗar da malamanmu ke ambata a tarihin Andalus, wadda ta faɗi a 1492. Ranar da na tsaya ina karanta "wa la galiba illallah" a jikin bangon fadar, 'yan ajinmu suna tambaya ta me aka rubuta, sai da na yi hawaye. A ajin tarihin harshe ma haka. Malama ta rubuta "alcalde", magajin gari, ta ce daga Larabci ne, al-ƙadi. Na ɗaga hannu na ce mu ma daga nan muka samo alƙali. Haka "hasta" da hatta, haka "azúcar" da sukari.

Wahalar ita ce karin harshensu. Mutanen kudu na haɗiye s ta ƙarshen kalma, "más o menos" sai ki ji kamar "ma o meno". Na yi wata biyu kafin in fara gane direban bas.

Ɗan Garwa:
Mu a Kamaru tun sakandare ake zaɓar Sifaniyanci, don haka na isa Madrid da nahawu a kai, amma baki a ɗaure. Abin da ba a taɓo ba shi ne takardu. Tunda za ki wuce wata shida, sai kin nemi katin zama da ake kira TIE, kuma kafin nan sai kin yi rajistar adireshinki a ofishin gari. Samun ranar ganawa ta intanet ya ci mini makonni. Ki tabbatar mai gidan da za ki shiga zai yarda a yi rajistar da adireshinsa, wasu ba sa yarda. Lokacin da na nemi biza a 2023, ma'aunin da ake so a nuna Yuro 600 ne a kowane wata. Kuma kafin ki dawo ki zauna jarrabawar DELE ta cibiyar Cervantes, wadda ke ba da takardar shaidar iya Sifaniyanci, ko da matakin B2 ne, wato na sama da matsakaici. Takardar ba ta tsufa.

Tsohon ɗalibin Salamanka:
Gaskiyarki 'yar Damagaram, ni namiji ne, abubuwa da yawa sun zo mini da sauƙi. Sai maganar gaisuwa, don su sumbatar kumatu biyu suke yi. Ki riga mutum ɗora hannu a ƙirji da murmushi, yawanci suna ganewa. Malamai kuma za su ce a kira su da sunansu kai tsaye, ni dai har na gama bakina bai iya ba.

Tunda adabi za ki karanta, kada tsohon rubutu ya tsorata ki. An ba mu Lazarillo de Tormes na 1554, labarin yaron da uwarsa ta miƙa wa makaho ya zama ɗan jagora. Turawan ajin suna ta neman bayani, ni kuwa makaho da ɗan jagoransa nake gani a bakin kasuwar garinmu. Gunkin bijimi na dutse da makahon ya gwara kan yaron a jikinsa yana nan a bakin tsohuwar gadar Salamanka, na je na dafa shi da hannuna.

Ƙanwarku daga Zariya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa Mama duka, tana jin masallaci ta ce Giranada. Anti 'yar Damagaram, don Allah nawa kika riƙa biyan ɗaki a wata, kuma tun daga gida kika samo shi ko sai da kika isa?