Wace tsohuwar kyamara zan fara da ita?

Ummi: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina so in fara ɗaukar hoto da fim, amma kuɗin hannuna ba su taka kara sun karya ba. An nuna min Canon AE-1 da Olympus Trip 35, duka na hannu. Wacce kuka ga ta fi?

Sadiq: Wa alaikumus salam. Trip 35, ba ta cin batir.

Ɗan Zinder: AE-1 in babu batir ko motsi ba ta yi. Kuma 4LR44 take ci, sai kin sha yawon kasuwa kafin ki samu.

Habu: Ƙanwata, bar zancen suna tukuna, ki fara duba lafiyar abin. Bara na sayi Yashica Electro 35 wajen wani mai talla a intanet, ya yi ta rantsuwa wai daga kwali ya ciro ta. A hoto tana sheƙi. Da ta iso na haska tocila cikin gilashin, sai ga fumfuna ta yi saƙa kamar yanar gizo-gizo, da gani a inda ake laima aka ajiye ta. Na buɗe bayanta, soson da ke tare haske ya narke ya zama baƙin danƙo. Duk da haka na zuba fim na tafi bikin ƙanena da ita. Da aka wanke, kowane hoto da jan zane a gefe, amarya ma rabin fuskarta ja wur. Ga batirinta na asali na mercury ne, an daina yin sa tuntuni, sai an yi dabarar cusa ƙarami. Na kira mutumin ya ce wai ni ne ban iya ba, daga nan ya rufe layina. Duk wadda za ki saya, ki buɗe baya, ki ɗaga ta ga haske, ki danna a kowane gudun ɗaukar hoto ki saurari ƙarar, ki leƙa gidan batir ko ya yi tsatsa. In mai ita ya hana ki taɓawa, ki ce masa Allah ya kawo kasuwa.

Sadiq: Yaya Habu, amarya ta yafe maka kuwa? 😂

Habu: Har yau gaisuwa kawai.

Baba Mai Hoto: 'Yata, Trip ɗin ma a gwada ta. An yi su ne daga 1967 zuwa 1984, kuma abin auna hasken da ke kewaye da gilashin yana mutuwa da tsufa. Sa ta a kan A, wato otomatik, ki rufe gaban da tafin hannu, ki danna. In jan alama ta taso a madubin leƙawa ta hana ɗauka, tana da rai. In ta ɗauka haka nan, bar musu kayansu.

Ummi: Na gode Baba, Allah ya ƙara girma.

Musbahu: Ni dai Zenit-E. Ta mahaifinmu ce, daga karatu a Tarayyar Sobiyet ya dawo da ita, har yanzu tana aiki. Gilashin Helios 58mm ɗin nan nata ba wasa ba.

Sadiq: Wannan ai kilo guda ce, mace za ta rataya a wuya ranar hawan Sallah?

Musbahu: Ku da kuke yabon Pentax K1000, tun da 'yan gayu suka gano ta wa ya isa ya taya?

Sadiq: Aƙalla ita gudun ɗaukar hotonta yana kai 1/1000 na daƙiƙa. Taku a 1/500 take ƙarewa.

Hajiya Binta: Duk kuna ta kyamara, fim fa? Nan kuɗin suke tafiya. In za ki iya da fari da baƙi, Fomapan 100 na ƙasar Cek ya fi sauƙi, a gida ma ana wanke shi. Sai dai ruwan maganin yana son digiri 20, da bazara dole ki nemi ƙanƙara.

Ɗan Zinder: Mai kala kuwa 38 yake so. A nan watan Afrilu ruwan famfo kawai za ka tara. 😂

Baba Mai Hoto: Kada a bar fim cikin mota da rana. Firiji, cikin leda, kuma a bar shi ya huce kafin a buɗe.

Musbahu: Baba, ranka ya daɗe, akwai mai wanke mai kala a Kano yanzu, ko sai an aika Legas?

Habu: In za ka aika, ka ce lallai a dawo maka da dodon hoton. Wasu sikanin kawai suke turowa ta waya.

Ummi: To ni dai wacce zan ɗauka?

Musbahu: Zenit.

Sadiq: Wa ya sa Zenit cikin lissafin ma?