Waɗanda suka taɓa renon jariran mage, ku faɗi abin da kuka gani

Malamar lakwal, Garin Malam
Assalamu alaikum. Ɗalibaina sun kawo mini jariran mage uku a cikin kwali, ido ya buɗe amma kunnuwa ba su gama miƙewa ba, tafiya kuma sai jan ciki. A Faransa da Amurka, gidajen da ke karɓar dabbobi marasa mai su sukan damƙa irin waɗannan ga masu sa kai, su rene su a gida har su isa bayarwa. Mu nan Damagaram wanda ya tsinta shi ne mai reno. Niyyata in riƙe su har su yi ƙwari, su saba da hannun mutum, sannan in nema musu gidaje. Don Allah wanda ya taɓa yi ya taimaka.

Mai shagon hatsi, Kasuwar Dole
Wa alaikumus salam Malama. An tabbatar uwar ba ta nan? Mage takan fita neman abinci ta daɗe, takan kuma kwashe ƴaƴanta ɗaya bayan ɗaya ta canza musu wuri, sai yara su tarar da saura su ce an yar da su. Na taɓa samun wasu a bayan buhunan gero, na barbaɗa toka kewaye da su, da safe sai ga sawun uwar a kai. Ruwa da guntun kifi kawai na riƙa ajiye mata. Ba mai renon da zai kai uwa.

Malamar lakwal
Alhaji, mota ce ta take ta a bakin titi, yaran sun nuna mini gawar.

Hajiya, Birni
Allah sarki. To ƴata, ɗumi tukuna, nono daga baya. Nawa cikin hunturun Disamba aka kawo mini su, ko kuka ba sa iyawa. Jaririn mage ba ya iya ɗumama kansa sai ya yi sati 3 zuwa 4, in kika ɗura masa nono jikinsa da sanyi cikinsa ba zai narkar ba. Na cika kwalba da ruwan ɗumi, na naɗe ta da tsohon zane, na sa a gefe guda na kwando, ɗaya gefen na bari don wanda zafi ya dama ya matsa. Ƙaraminsu a cikin rigata na sa shi har ya fara motsi.

Nonon saniya da madarar shayi zawo suke sa su, maƙwabciyata ta rasa biyu a haka. Ni nonon akuyata na tafasa, ya huce, na kaɗa ƴar ƙwaiduwa a ciki. Sirinji na saya a farmasi na cire allurar, ina ɗiga musu a gefen baki sannu-sannu. Ki kwantar da shi rub da ciki yadda yake tsotson uwarsa, in ya kwanta rigingine zai ƙware, nono ya shiga huhu. Kuma ba sa iya fitsari da kashi da kansu, uwa ce ke lasar su. Bayan kowane ci ki jiƙa auduga da ruwan ɗumi ki shafa ƙarƙashin wutsiya har ya yi. Dare ma sai kin tashi. Biyu sun rayu, ƙaramin Allah ya karɓi abinsa, har yau ina tuna shi.

Ma'aikacin kiwo, Sabon Gari
Hajiya ta yi magana, bari in ƙara lissafi. Ana haifar su da nauyin kusan giram 100, ido na buɗewa tsakanin kwana 7 da 14. Bisa bayaninki, Malama, naki suna wajen sati 2, to ci duk awa 3. Ki ari ƙaramin sikeli ki riƙa auna su kullum: lafiyayye na ƙara kusan giram 10 ko fiye a rana, wanda ya tsaya ko ya ragu kada a jira. Nonon akuya na ceton rai ne, bai kai na mage ƙarfi ba. In an samu madarar da aka haɗa musamman don jariransu, ita ce gaba.

Abin da ya fi ɓata mini rai a wurin aiki shi ne wanda aka kashe da magani, da niyyar taimako. Farasitamol guba ne ga mage, ɓarin ƙwaya na iya kashe ta. Maganin kaska na karnuka da shanu mai sinadarin permethrin shi ma haka, sai ka ga tana karkarwa tana shure-shure. In akwai ƙuma, wadda ke shan jininsu har dasashi ya yi fari, a tsefe su da mataji mai ƙananan haƙora ana tsoma shi a ruwan sabulu.

Tela, Zango
Ni kan sabo zan yi magana, don nan ne ake sakaci. Na farkon da na riƙe tun suna jan ciki suka zo hannuna, a shago suka tashi, cikin ƙarar keke da rediyo da masu zuwa awo. Duk wanda ya zauna jiran ɗinki sai in ɗora masa ɗaya a cinya, mace ko namiji, yaro ko babba. Ina taɓa ƙafafunsu, in duba kunne, in buɗe baki, kullum kaɗan-kaɗan. Suka tashi kyanwar Lami, ba cizo ba yakushi, baƙo ya shigo su je su shinshina shi.

Ta biyu kuwa za ta yi wata uku, a kango aka haife ta, hannu bai taɓa sauka a kanta ba. Da na kawo ta sai ta shige ƙarƙashin gado tana huci, kunnuwa a kwance. Ban jawo ta ba, ban kuma ƙura mata ido ba, don a wurinsu wannan neman faɗa ne. Da dare in zauna a ƙasa da aikin hannu ina magana ƙasa-ƙasa, abinci kuma ba ya fitowa sai ina wurin, kullum ina ɗan matso da kwanon kusa da ni. Daga baya ta lashi kifi a cokali, daga cokali zuwa yatsa, ran nan tana ci na shafa bayanta ba ta zabura ba. Ni ta saba da ni sosai, amma har yanzu ta ji muryar baƙo ta haye katanga. Ita ban ba kowa ba, na san ba za ta zauna ba.

Ma'aikacin kiwo
Abin da Tela ya gani haka masana halayen dabbobi suka gano: daga sati 2 zuwa sati 7 ne mage ta fi saurin sabo da mutum, bayan nan sai da wuya. Malama, naki yanzu suka shiga. Ɗalibanki su riƙa ɗaukar su, amma a zaune, su wanke hannu kafin da bayan, saboda makero na kama mutum daga mage. Wasa da igiya ko tsumma, ban da yatsa. Kada kuma a raba su, a kokawar junansu suke koyon iyakar cizo.

Ɗan kabu-kabu, Kara-Kara
A gidanmu cewa ake in mage ta ƙoshi ba ta kama ɓera. Wannan tarairayar ba za ta lalata su ba?

Hajiya, Birni
A'a ɗana. Nawa suna cin ƙoshi, kuma tun da suka girma ɓera bai sake taɓa mini gero ba, farauta a jininsu take. Mai yunwa ce ke buɗe tukunya, a buge ta, ta gudu. Ka tuna hadisin matar da ta shiga wuta saboda magen da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nema ba.

Uwargida, Tudun Jamus
Wajen bayarwa kada ki yi gaggawa, Yaya Malama. Daga sati 4 na fara marmasa musu dafaffen kifi marar ƙaya, ba albasa ba tafarnuwa, don suna lalata musu jini. Na ajiye tasa da yashi, in sun ci in ɗora su a ciki, da kansu suka fara tono. Ban ba da ko ɗaya ba sai da suka wuce sati 8. Mai so sai na tambaye shi ko uwargidansa ta yarda, don ita za ta wuni da su, in kuma ce wanda ya gaji ya maido mini, kada ya kai bola. Ina haɗa musu da tsumman da suke kwana a kai, a tsare su ɗaki ɗaya kwanakin farko har su san gida. Baƙar ce ta daɗe a hannuna, ana cewa ta mayu ce, abin ya yi mini ciwo don ta fi duka son mutane. Wani malamin allo ne ya karɓe ta, tana tsare masa littattafai daga ɓera.

Malamar lakwal
Allah ya saka muku da alheri. Yau ƙaramin ya tashi ido ɗaya a manne da kwantsa, me zan yi?

Ma'aikacin kiwo
Ki tafasa ruwa ya huce, ki jiƙa auduga ki goge a hankali, kowane ido da audugarsa. Kada ki ɗiga masa komai tukuna. Gobe da safe ki kai su wurin likitan dabbobi su uku, cikin kwandonsu da kwalbar ɗumin, a duba sauran, a kuma tsara miki maganin tsutsa da rigakafi: rigakafin farko wajen sati 8, na haukan kare a wata 3.