"Bakin alƙalami ya bushe": har da saƙon waya?

Na-Tsakiya: Assalamu alaikum. Ku raba mana gardama. Ƙanena da yayarmu sun yi sa-in-sa, ya tura mata saƙo mai zafi ta waya, nan take ya goge. Ta ce ta riga ta karanta, bakin alƙalami ya bushe. Shi kuwa ya ce wane alƙalami, ina rubutun yake? Wa ya fi gaskiya?

Malam Mai Carbi: Wa alaikumus salam. Maganar ƙaddara ce tun asali. Tana cikin hadisin Ibn Abbas da Tirmizi ya ruwaito, na 19 a Arba'una Hadisi na Imam Nawawi: an ɗage alƙaluma, takardu sun bushe. Yayarku aron ta ta yi, ba a rigimar gida aka haife ta ba.

Uwar Biyu: Allah gafarta Malam, ai tuni mutane suka sauko da ita kan duk abin da ya wuce gyara. Ni abin da nake ji a cikinta daban ne. In an ce ya bushe, ke nan akwai lokacin da yake da danshi. Duk wanda ya yi rubutu da tawada ya san wannan ɗan jiran. Ka kai ƙarshen layi, ka ɗaga hannu don kada ka goge, ka hura takardar, idonka ya koma kan abin da ka rubuta ko ba ka yi niyya ba. A nan hankali ke cim ma hannu. Har yanzu da asuba nake cika shafi guda, ba don kowa ya gani ba, don daɗin jin alƙalami yana tafiya kawai.

Sarkin Bincike: Wannan jiran ne ya ishi László Bíró, ɗan jarida a ƙasar Hangari. Ya lura tawadar buga jarida tana saurin bushewa, shi da ɗan'uwansa masanin sinadarai suka haɗa ta da ɗan ƙwallo a bakin alƙalami, ya yi rajistar ƙirar biro a 1938. Kamfanin Bic ya baza mai araha tun daga 1950. Ba waya ce ta fara kashe danshin ba.

Hajiyar Sama: Kun tuna min kakata, Allah ya jiƙanta. Ba ta iya rubutu ba, ni ce magatakardarta ina yarinya. Wata rana ta fusata da kawuna, ya daɗe a wurin aiki babu ko gaisuwa. Ta ce ɗauko takarda. Ta zuba, ina rubutawa, har da gorin goyo da na nono, shafi gaba da baya. Da na gama ta ce ninke, sa min ƙarƙashin matashi. Da safe ta ce karanta min a hankali. Ina karantawa tana cewa cire wannan, ya yi nauyi, cire wancan, matarsa za ta gani. Na ce to in ja layi a kai? Ta ce ke, ba ki san kawunki ba, ɗaga takardar zai yi ga haske ya karanta na ƙasa, sake sabuwa. Haka muka yi ta sakewa har hannuna ya sage. Abin da ya rage a ƙarshe gaisuwa ce da addu'a, sai layi ɗaya: ina nan da rai, idan kana tambaya.

Uwar Biyu: Kai! Wannan layin ya fi shafi biyun ciwo.

Hajiyar Sama: Ai da kansa ya kawo amsa. Kuma duk da ba ta karatu, in wasiƙarsa ta zo sai ta karɓa ta ƙura mata ido kafin ta miƙo min. Ta ce wannan a tsaye ya rubuta ta, dubi yadda layin ke gangarowa. Wani lokacin ta ce yau ya zauna mana. Ban taɓa kama ta da kuskure ba.

Sarkin Bincike: Irin ta Lincoln, tsohon shugaban Amurka, ke nan. A watan Yulin 1863, bayan gumurzun Gettysburg a yaƙin basasar Amurka, ya rubuta wa kwamandansa Janar Meade wasiƙar ɓacin rai don ya bar sojojin Lee, janar ɗin 'yan tawaye, sun tsere. Bai sa mata hannu ba, bai aika ba.

Ɗan Adawa: Namu shugabannin ma ba sa aikawa, amma alkawari ne ke kwana ƙarƙashin matashi shekara huɗu.

Baban Yara: Da fensir suke rubuta shi, kilina na aljihun babbar riga. Biron yana aiki ne kawai in an zo kan alawus, kuma a nan ba a jiran ya bushe.

Malam Mai Carbi: A kiyaye harshe, jama'a.

Ɗan Adawa: Malam, ba mu kama suna ba. Wanda ya tsargu shi ya sani.

Gimbiya: Ni kam ban yarda rubutun hannu yana sa mutum hankali ba. Wasiƙun tsiya nawa aka tsara da kyakkyawan rubutu, aka kwana ana zaɓen kalmar da za ta fi suka? Natsuwar Kaka ce ta yi aiki, ba takarda ba. Kuma wadda aka goge a waya ta fi sauƙi, ta takarda sai a adana ta a fito maka da ita bayan shekara ashirin.

Uwar Biyu: To ai shi ya sa ake taunawa kafin a rubuta, 'yar'uwa. Magana zarar bunu ce.

Gimbiya: Wannan kuma wata karin maganar ce, kada ki sauya mana layi.

Na-Tsakiya: Na gode, amma har yanzu ba a ce min wa ya fi gaskiya ba. Yaya ta ɗauki hoton saƙon kafin ya goge, ta tura wa Baba.

Baban Yara: To ka ce masa ya nemi takarda mai kyau ya zauna. Hajiya, kina karɓar aikin magatakarda har yanzu?