Abin da Iyayenmu Mata Suka Ce Kan Amada

Bayan an watse daga wani biki a Ƙofar Sauri, cikin Katsina, hira ta ɓarke tsakanin tsofaffi da 'yan mata masu sha'awar koyon amada. Ga abin da na tsinta.

Tsofaffin sun nace a fara sanin tushe. A tsakar gida amada ta tsiro, daga kiɗan ƙwarya da mata ke yi wa junansu ranar suna ko biki, inda maza ba sa shiga. Ana kife ƙwarya a kan ruwa cikin masaki ko baho, a kife wasu a ƙasa, kowace da irin amonta. Wata gwaggo ta ce duk wadda ba ta iya bambance waɗannan sautuka ba, kada ta yi garajen kama waƙa. Ta zauna cikin 'yan amshi tukuna, a nan ake koyon numfashi da sanin gaɓa.

Sun daɗe a kan habaici. Suka ce shi ne gishirin amada, amma a yi shi a lulluɓe, ban da kama suna. Nan aka ambaci mawaƙiyar amada Barmani Coge, 'yar Funtuwa da ta rasu a 2013, wadda ta riƙa zaburar da mata su kama sana'a. Ni a ganina wannan ɓangaren ne 'yan yanzu suka fi sakaci da shi.

Batun fiyano kuwa bai ɗauki lokaci ba: a sa shi in ana so, ƙwarya dai ta ja gaba. Aka kuma roƙi yaran su riƙa naɗar muryar kakanninsu a waya, bayan sun nemi izini.