Me ya haɗa hanji da zuciya? Likita ya ce teɓata ce matsalar

Direban Jidda:
Assalamu alaikum jama'a. Ni direba ne a nan Jidda, na haura shekara hamsin, kullum ina zaune a mota daga safe har dare. Na je awon jini, likita ya ce kitse ya yi yawa a jinina, jinin ma ya fara hawa, kuma teɓar nan ce ta fi damunsa. Abincina kun san shi: shinkafar kabsa ko mandi da rana, soyayyar kaza ta burosta da lemon kwalba da dare. Ɗana ya ce ya karanta wai ƙwayoyin bakteriya na cikin hanji suna da hannu a ciwon zuciya. A saidaliyya kuma an nuna mini kafso na ƙwayoyin hanji da na bitamin E, kuɗinsu ba kaɗan ba. Ciwon zuciya ne ya yi ajalin mahaifina, shi ya sa hankalina ya ƙi kwanciya. In saya, ko me zan yi?

Ma'aikaciyar jinya a Makka:
Wa alaikumus salam Baba, Allah ya ji ƙan mahaifinku. Ɗanku ya faɗi gaskiya. Hanjin kowa cike yake da bakteriya, kuma abin da muka ci shi suke ci. In suka samu abinci mai harza, irin wake, gero, dawa da ganye, sai su fitar da sinadaran da ke ciyar da bangon hanji su ƙarfafa shi. In kullum maiƙo ne da sukari da farar shinkafa, bangon yakan yi rauni, ɓurɓushin bakteriyar ya riƙa tsallakawa cikin jini. Jiki sai ya ɗauka an kawo masa hari, ya shiga wani kumburi na ciki wanda ba a ji, ba a gani, amma ba ya sauka. Kitsen teɓa shi ma irin wannan kumburin yake hurawa.

Daga nan ne zuciya ke shiga ciki. Kumburin yana sa jiki ya tara wasu sinadaran iskar oksijin masu ɓarna fiye da yadda zai iya kawar da su, su riƙa cin bangon jijiyoyin jini kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe. Suna lalata kolestarol mara kyau, wato LDL, ya fi saurin maƙalewa a jikin jijiya, suna kuma rage sinadarin da ke sa jijiya ta saki jiki ta buɗe. Jini ya hau, hanya ta ƙuntata.

Akwai kuma batun nama. A 2011 da 2013 Dakta Stanley Hazen da abokan aikinsa a asibitin Cleveland na Amurka sun nuna cewa bakteriyar hanji na sarrafa wasu sinadaran da ke cikin jan nama da gwaiduwar ƙwai, hanta kuma ta mayar da abin da suka fitar ya zama wani sinadari mai suna TMAO, kuma masu yawan TMAO a jini sun fi fuskantar bugun zuciya da shanyewar jiki.

Bitamin E kam, Baba, ku bar kuɗinku a aljihu. An gwada shi a kan dubban mutane a babban binciken HOPE da aka wallafa a 2000, bai rage ciwon zuciya ba. Kafson ƙwayoyin hanji ma ba maganin zuciya ba ne. In likita ya rubuta muku maganin kolestarol ko na hawan jini, shi ne kada ku yi wasa da shi.

Ɗan Mai Wurno ta Sudan:
Yaya, ni da agashe na tashi, ba zan ce maka ka bar nama ba, amma na rage shi sosai. Da safe ful, wato dafaffen wake, nake ci da burodin tamis, kuma uwargida ta dawo mana da miyar kuka da ta kuɓewa da tuwon dawa, duk ana samun kayan a shagunan 'yan Afirka. Ƙaron da muke fitarwa daga Sudan ma harza ce zalla, bakteriyar hanji ce ke cinye shi, mutanenmu da yawa suna jiƙa shi su sha. Sai dai mai farawa ya fara da kaɗan, yana kumbura ciki.

Hajiya Mai Abinci:
Alhaji, lemon kwalbar nan fa! A 2017 gwamnatin ƙasar nan ta sa masa harajin kashi 50 cikin ɗari, na ƙarin kuzari kuma kashi 100, amma direbobin da ke cin abinci a wurina har gobe da shi suke korawa. Ka koma ruwa da laban, wato nono, mara sukari. Ni abin da ke ba ni tsoro shi ne cin dare a kwanta nan take.

Direban Jidda:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. 'Yata, tambaya ɗaya ta rage: tafiyar ƙafa a zafin nan fa?

Ma'aikaciyar jinya a Makka:
Bayan Asuba ko bayan Isha, Baba, a bakin teku ko cikin manyan kantuna masu sanyi. Minti 30 a rana, kwana biyar a mako. Ku sa ɗanku ya auna ƙugunku da tef daidai cibiya. Ga namiji, in ya wuce santimita 102 haɗarin ya yi yawa. In kuwa kuka ji ƙirji ya ɗaure ko numfashi ya sarƙe kuna tafiya, ku tsaya, a kira motar asibiti a lambar 997 nan take.